TSADAR MAGANIN HAƘORI A ASIBITOCIN KUƊI: HAƘƘI NE KO ZALUNCI?



A ci gaba da zaman ƙara wa juna sani da 'yan'uwa matasa ke gudanarwa duk ƙarshen wata a cikin birnin Kano, a wannan karon an gayyato wani ɗan'uwa likitan haƙori ne, wanda ya yi shekaru yana aiki a asibitin gwamnati, sannan kuma ya taɓa aiki a asibitin kuɗi. An yi zaman a harabar wata makarantar Islamiyya bayan sallar la'asar, kuma maudu'in da aka ba shi shi ne kuɗin da ake cajin mutane a asibitocin haƙori masu zaman kansu, shin akwai adalci a ciki ko babu. Ga yadda jawabin nasa ya gudana.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Allah (S), likitan ya fara da cewa ya san abin da ke ran da yawa daga cikin mahalarta, wato likitocin haƙori mutane ne masu yankan aljihu da rana tsaka. Ya ce shi bai zo ya wanke abokan sana'arsa ba, haka nan bai zo ya tsine masu ba. Abin da yake so shi ne a ɗora maganar a kan sikelin shari'a, domin mumini ba ya yanke hukunci da zafin ciwo ko da zafin aljihu.

Daga nan sai ya tambayi 'yan'uwa ko akwai wanda ya san diyyar haƙori guda ɗaya a Musulunci. Wasu ɗalibai da suka karanta Risala suka amsa cewa raƙuma biyar ne. Ya ce to madalla, a riƙe wannan da kyau. Diyyar ran mutum cikakkiya raƙuma 100 ce ko kuma dinari 1,000, ke nan haƙori ɗaya kashi ɗaya ne cikin ashirin na diyyar rai, wato dinari 50. In aka lissafa dinari a kan giram 4.25 na zinare, haƙori ɗaya ya tashi a kan giram 212 da ɗoriya. Ya ce duk mai son sanin kuɗin sai ya leƙa wajen masu sayar da zinare ya tambayi farashin giram ɗaya ya ninka. Kuma babban mutum haƙora 32 Allah ya jera masa a baki ba tare da ya biya ko sisi ba. Har ila yau ya tunatar da cewa Allah (T) ya ambaci haƙori da sunansa a ayar ƙisasi, aya ta 45 a Suratul Ma'ida. Ya ce abin da shari'a ta yi wa wannan kima, shi ne yau talaka yake miƙa baki a fizge masa shi a yar a kwandon shara, saboda fizgewar ita ce kaɗai aljihunsa zai iya ɗauka.

Game da ko ya halatta likita ya karɓi lada, ya ce wannan babu saɓani a cikinsa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an yi wa Manzon Allah (S) ƙaho, kuma ya ba mai ƙahon ladansa. Malaman fiƙihu sun sanya aikin likita a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, kuma sharaɗin ijara shi ne aikin ya zama sananne, ladan ma ya zama sananne tun kafin a fara. Mai Risala ya halatta mutum ya yi sharaɗi da likita a kan sai ya warke sannan ya biya. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu ma an kawo mas'alar wanda ya ɗauki mutum ya cire masa haƙori, sai ciwon ya lafa kafin a cire, aka ce yarjejeniyar ta warware. Ya ce a duba a gani, malamanmu sun yi ɗaruruwan shekaru da tattauna haƙƙin mai ciwon haƙori a kan mai cire shi, amma yau ɗalibi zai haddace babin ya wuce, in ya shiga asibiti kuma ya kasa buɗe baki ya tambayi nawa ne.

Sai ya shiga bayanin inda kuɗin ke tafiya, kuma a nan ya ɗan daɗe. Ya ce ɗakin likitan haƙori ya bambanta da ɗakin likitan da zai saurare ka ya rubuta maka magani ka tafi, domin shi ƙaramin ɗakin tiyata ne. Kujerar da ake kwantar da mutum a kai daga waje ake sayo ta. Injin da ke huda haƙori da iska da ruwa yake aiki, ke nan sai da wani injin mai hura iskar, shi kuma sai da wuta. Allurar kashe zafi, da abin da ake yin ciko da shi, da fim ɗin ɗaukar hoton haƙori, da 'yan ƙananan allurai da ake wanke jijiya da su, kusan dukkansu da Dala ake sayo su. Ya ce kafin watan Yunin 2023 Dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen Naira 460 ne, amma da aka saki Naira ta nemo wa kanta daraja, a cikin 2024 sai da Dala ta haura Naira 1,500. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai ga haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar lantarki ga unguwannin da ake ce masu rukunin farko, daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni. Ya ce likita ba zai tsaya da rami buɗe a bakin mutum ya ce a jira a kawo wuta ba, dole ya ta da janareto, kuma kuɗin man a kan majiyyaci zai ƙare.

Akwai kuma wani kuɗi da majiyyaci ba ya gani da idonsa, wato kuɗin tsarkake kayan aiki. Ya ce duk ƙarfen da ya shiga bakin mutum ya taɓa jini sai an wanke shi an sa shi a wata tukunya mai turara kaya da tururi mai tsananin zafi kafin ya shiga bakin wani, safar hannu da allura kuwa sau ɗaya ake amfani da su a yar. Binciken da gwamnati ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum 8 cikin kowane 100 na manya a ƙasar nan suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma ta jini take yaɗuwa. Don haka in mutum ya ga wuri mai arha fiye da kima, ya tambayi kansa me aka rage aka samu wannan arhar. A kan haka kuma ga kuɗin haya, ga albashin ma'aikata, ga haraji kala-kala, ga shi kansa likitan da ya yi shekara shida a jami'a da shekara guda ta sanin makamar aiki, yana da iyali kamar kowa.

To amma, in ji shi, wannan duk bai wanke kowa ba, kuma zai faɗi abin da ya gani da idonsa ko da abokan aiki za su ji haushi. Ya ce akwai wuraren da ba a gaya wa mutum kuɗi sai an kwantar da shi an yi masa allura bakinsa ya mutu, sannan a ce masa ai aikin ya fi yadda aka zata. Akwai inda ake duban motar da mutum ya zo da ita, ko shaddar da ke jikinsa, kafin a yanka masa farashi. Akwai wanda zai zo da haƙori ɗaya, a nuna masa wasu huɗu a ce duk sai an yi masu aiki, alhali sa ido kawai suke buƙata. Wanda ya fi ci masa rai kuwa shi ne ma'aikacin da gwamnati ke biya albashi, majiyyaci ya zo asibitin gwamnati da safe, ya ce masa babu kayan aiki ko injin ya lalace, sannan ya miƙa masa 'yar takarda mai kwatancen asibitinsa na yamma. Ya ce wani lokacin da gaske ne babu kayan, amma wani lokacin ƙarya ce tsagwaronta, kuma wannan cin amana ne hawa biyu, an ci amanar majiyyaci an ci ta dukiyar jama'a. Mai ciwon haƙori da ya kwana uku bai runtsa ba, ko nawa aka ce masa zai ce to, yardarsa irin ta wanda aka shaƙe ce. Duk likitan da ya yi amfani da wannan hali ya tsawwala, a cewarsa, ya shirya amsar da zai bayar gobe kiyama.

Ya ce shi a fahimtarsa yawan kuɗi kaɗai ba ya nuna zalunci. Aiki zai iya yin tsada kuma ya zama adalci, matuƙar ana buƙatarsa da gaske, an faɗi kuɗinsa tun farko, an kuma gaya wa mutum sauran hanyoyin da yake da su har da mai arha, ko da likitan ba zai ci riba sosai a kanta ba. Aiki kuma zai iya yin arha ya zama zalunci, kamar a cire haƙorin da ciko kawai zai cece shi don cirewar ta fi sauri.

Daga nan ya yi bayanin yadda kuɗin ke hauhawa tare da ciwon, abin da da yawa daga cikin matasan suka ce ba su taɓa ji ba. Ya ce babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke zaune a kan haƙori, in sun samu sukari sai su mai da shi wani ruwa mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙorin a hankali har ya yi kogo. A wannan mataki sau da yawa babu ciwo ko kaɗan, in ma akwai bai wuce ɗan tsami in an sha ruwan sanyi ba, kuma zama ɗaya ya isa a share kogon a cike shi. In aka bari ramin ya kai ga jijiya, a nan ne ake kwana ana juyi. Ceton haƙorin a lokacin sai an cire jijiyar an wanke hanyarta an toshe, zama biyu ko uku, sannan galibi a ɗora masa hula don kada ya tsage. Ya ce a manyan garuruwa wannan aiki tare da hular zai iya cinye fiye da mafi ƙarancin albashi na wata guda, wanda dokar 2024 ta tsayar a kan Naira 70,000. To ina ɗan acaba ko ɗalibi ko mai tura baro zai samo? Sai ya ce a cire kawai. Bayan an cire kuma magana ba ta ƙare ba, maƙwabtan haƙorin sukan karkato cikin gurbin, wanda ke fuskantarsa daga sama ko ƙasa ya zazzago, tauna ta koma gefe guda. Mai hali ya sa a dasa masa wani da ƙusar ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi, mai ɗan dama-dama ya sa na roba, talaka ya zauna da giɓinsa. Ya ce shi ya sa in ka shiga ƙauye za ka ga mutum bai kai shekara arba'in ba amma turamensa sun ƙare, nama sai dai ya tsotsa.

A nan ne likitan ya juya kan mahukunta, muryarsa kuma ta ɗaga. Ya ce tambayar da ta kamata a fara yi ita ce me ya kai talaka asibitin kuɗi tun farko. Tun daga 1986 da gwamnatin Babangida ta rungumi tsarin tsuke bakin aljihu irin wanda hukumar ba da lamuni ta duniya ke so, asibitocin gwamnati suka koma wurin da ake rubuta wa mutum jerin abin da zai je ya sayo. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a nan Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, amma ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ta shafe shekaru tana lilo a wajen kashi 5. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata yake fitowa kai tsaye. An kafa tsarin inshorar lafiya da dokar 1999, aka fara aiki da shi a 2005, aka sake masa doka a 2022, amma mafi yawan jama'a ba sa ciki, waɗanda ke ciki ma ba a biya masu manyan ayyuka irin su hula da dashe. Likitocin haƙori a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba su wuce 'yan dubbai ba, yawancinsu kuma suna cunkushe a manyan birane. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Su kuwa manyan da suka jawo wannan hali, in haƙorinsu ya motsa jirgi suke hawa.

Ya ce ƙarshen wannan sakaci shi ne abin da ake gani a asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Cuta ce da ke farawa da ɗan gyambo a dasashin yaro mai fama da yunwa, galibi ɗan shekara biyu zuwa shida, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe har da ƙashi, kuma mafi yawan waɗanda ba su samu magani ba mutuwa suke yi. Alhali in an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsaftar baki sun isa su tsayar da ita. Sai a watan Disambar 2023 hukumar lafiya ta duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

Ya kwatanta wannan da zamanin da Musulmi ke riƙe da al'amuransu. A 1284 Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a birnin Alƙahira ya yi masa waƙafi, ana duba mai kuɗi da talaka ba tare da an karɓi komai ba. Tun kafin nan kuma Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu a wajen 1013, ya zana kayan kankare dattin haƙori da na cire shi a cikin littafinsa Attasrif, ya kuma yi bayanin ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinare ko azurfa. Ya ce yau masu kuɗinmu sun iya gina masallaci kusa da masallaci, amma da wuya ka ji wanda ya sayi kujerar haƙori guda ɗaya ya yi waƙafinta ga talakawa.

Sai ya gargaɗi 'yan'uwa game da masu yawo kasuwa-kasuwa suna turara wa mutane hayaƙi a baki su nuna masu wasu 'yan farare a cikin ruwa su ce tsutsa ce ta fito, da masu fizge haƙori da ƙarfen da bai ga wuta ba. Ya ce hadisi ya zo a Abu Dawuda da ke nuna cewa wanda ya yi wa mutane magani ba tare da an san shi da ilimin likitanci ba, shi ke da alhakin biyan abin da ya ɓata. Ya hana zuba ruwan batir ko fetur a kogon haƙori, da danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, domin ƙona naman take yi. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi suna rage zafi kafin a isa asibiti, amma ba sa toshe rami. Ya ce duk wanda ya ga kumburi ya sauko masa ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, haɗiya ko buɗe baki na yi masa wuya, to a wannan daren za a kai shi babban asibiti, don irin wannan kumburi yana toshe numfashi ya kashe mutum.

Kan rigakafi bai tsawaita ba. Ya ce kowa ya san yadda Manzon Allah (S) ya kwaɗaitar da yin asuwaki, har ya nuna cewa ba don gudun tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da shi a kowace salla. A haɗa shi da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, safe da kuma kafin barci. Sai dai ya ce babban abokin gaba yana teburin mai shayi. Hukumar lafiya ta duniya ta ba da shawara a 2015 cewa ya fi kyau sukarin da mutum zai sha a yini kada ya wuce ƙaramin cokali shida, alhali kwalbar lemo guda ɗaya ta zarce haka, balle kofin shayin da ake cewa a ƙara sukari. A nan 'yan'uwa suka yi ta dariya suna nuna juna.

Da aka ba da damar tambayoyi, wani ɗalibi ya ce, Dakta, shin ya dace mutum ya taya kuɗin aiki kamar yadda ake taya kaya a kasuwa? Likitan ya ce babu laifi ko kaɗan, kuma ba rashin kunya ba ne. Mutum ya nemi a rubuta masa abin da za a yi da kuɗin kowanne kafin ya hau kujera, ya tambaya ko kuɗin hoto da na magani suna ciki, ya tambaya me zai faru in an jinkirta, in aikin babba ne ya je wani wurin ya ji ta bakin likita na biyu. Ya ce a fara gwada sashen haƙori na asibitocin gwamnati, kamar asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, inda akwai layi da jira amma kuɗin ya fi sauƙi. Likitoci da dama kuma suna yarda a biya kaɗan-kaɗan in an yi masu magana tun farko.

Wani kuma ya tambaya game da haƙorin Makka. Ya ce hukuncin ado da zinare ga namiji ya bar wa malamai, sai dai ya san sun yi rangwame in don lalurar magani ce, suna kafa hujja da sahabin nan Arfaja wanda aka yanke wa hanci, Manzon Allah (S) ya ba shi izinin sa na zinare. Ta fuskar likitanci kuwa, sau da yawa lafiyayyen haƙori ake gogewa a rage shi don hular ta zauna, in ba ta zauna daidai ba abinci ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashinta haƙorin ya ruɓe a ɓoye.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗan'uwa tela ta fito, inda ya ce shi yanzu haka da ciwon ya zo taron, kuma abin da ke aljihunsa bai kai kuɗin kati ba. Likitan ya sa aka haska masa fitilar waya ya duba bakin a nan take, ya ce haƙorin zai cetu in an yi sauri. Shugaban zaman ya miƙe ya ba da shawarar a buɗe asusun lafiya na matasan unguwar, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk Juma'a, a naɗa mutum uku amintattu su riƙe littafi, a fara da wannan ɗan'uwa. Aka zagaya da hula a wurin, likitan kuma ya yi alkawarin ware safiyar Asabar ɗaya a kowane wata ya duba bakin ɗaliban makarantar kyauta. An rufe zaman da addu'a ana gab da kiran sallar magariba.